Haɗa abincin kaji a gida: yaya ake daidaita furotin?

Maman Sadiya, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka min da lissafi. Kajin ƙwai ne guda 200, jajaye, satinsu 30. Tsadar buhun kamfani ta sa aka koma haɗa abinci a gida, ga kuma abin da ake zubawa a kowane kilo 100: masara 60, dusar alkama 20, ƙuli-ƙuli 10, laimiston (niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa) 8, garin ƙashi 2, sai a barbaɗa ɗan gishiri da firimis (gaurayen bitamin da sinadaran gina jiki) a kai. Sati uku ke nan da fara ba su wannan haɗi. Ƙwan da ake kwasa ya sauko daga kiret biyar da rabi zuwa huɗu, ya kuma ƙanƙance, sannan sun fara figar gashin juna ta wajen wutsiya. Suna ci sosai, kashinsu lafiya lau, rigakafi duk an yi. Wasu sun ce in ƙara garin kifi, wasu sun ce angurya ta fi sauƙin kuɗi. Ni dai abin da nake so in sani shi ne yadda mutum zai lissafa furotin ɗin da ke cikin haɗinsa da kansa, ya san ya kai ko bai kai ba. Kuma wata mai kamawa in sha Allahu za a kawo 'yan tsakin buroila, wato kajin nama, shin haɗi ɗaya zai yi musu?

Malamin Samaru:

Wa alaikumus salam. Hajiya, kajinki ba ciwo ke damunsu ba, yunwa ce, duk da cikinsu a cike yake. Bari mu auna haɗin naki ki gani da idonki.

Kowane kayan haɗi yana da nasa kason furotin a cikin ɗari. Waɗanda ake aiki da su a lissafi su ne: masara 9, dawa 10 zuwa 11, dusar masara 10, dusar alkama 16, kek ɗin waken soya da aka tatse mansa 44, ƙuli-ƙulin kamfani 45, garin kifi mai kyau 65, garin jini wajen 80. Laimiston, gishiri da firimis ba su da komai, garin ƙashin da aka ƙona ma ki ɗauke shi a sifili. Abin da za ki yi kawai, ki ninka kilon da kika zuba da kason nasa, ki raba da ɗari. Masara kilo 60 ta ba ki 5.4. Dusar alkama kilo 20 ta ba ki 3.2. Ƙuli kilo 10 ya ba ki 4.5. Idan kika tara, 13.1 ke nan. Kazar da ke tsakiyar yin ƙwai tana son kashi 16.5 zuwa 17.5. Kin ga akwai giɓin kusan kashi 4, kuma giɓin nan ba ƙarami ba ne. Kaza mai sati 30 tana cin wajen giram 115 a rana. A kan kashi 17 tana samun giram 19 da ɗoriya na furotin, a kan naki tana samun 15. Shi kansa ƙwai ɗaya yana tafiya da giram 6 zuwa 7, ga gyaran jiki, ga gashi, kuma ba duk abin da ta ci ne jiki ke amfana da shi ba. Da farko za ta riƙa zara daga naman jikinta, shi ya sa ba a ganin komai a satin farko. In abin ya ci tura sai ta rage girman ƙwan, sannan ta fara tsallake kwana. Figar gashin kuwa, gashi kusan duk furotin ne, abin da ta rasa a mazubi take nema a jikin 'yar'uwarta.

Yanzu yadda za a gyara. Akwai hanyar da ake koya wa ɗaliban kiwo, murabba'in Pearson, wadda ke nuna yawan da za a zuba na kaya iri biyu don a samu kason furotin da ake so, amma mutane da yawa suna yin kuskure ɗaya a cikinta: suna mantawa cewa abincin kajin ƙwai yana ɗauke da kaya masu nauyi waɗanda ba su da furotin ko ɗigo. Don haka ki fara ware waɗannan. Laimiston 8.5, garin ƙashi 2.5, gishiri 0.3, firimis na masu ƙwai 0.25, metiyonin 0.2, laisin 0.15 (waɗannan biyun tubalan furotin ne da ake sayarwa a gari, bayaninsu na tafe), maganin ɗaure gubar fumfuna 0.1. Duka kilo 12. Sai ki yanke wa dusar alkama kilo 12, wadda za ta kawo 1.92. An ci kilo 24, saura 76. Kina neman 17, dusa ta kawo 1.92, saura 15.08, kuma dole wannan ya fito daga kilo 76 ɗin nan. Raba 15.08 da 76, ki ninka da ɗari, za ki samu 19.8. Wannan ita ce lambar da za ta zauna a tsakiyar murabba'in, ba 17 ba. Wanda ya sa 17 a tsakiya, in ya gama ya zuba laimiston a kai, zai tashi da abinci mai kashi 15 yana zaton ya yi daidai.

A gefe ɗaya ga masara mai 9, a ɗaya gefen ga gaurayen soya da ƙuli, soya biyu ƙuli ɗaya, wanda ya tashi 44.3. Ki cire 19.8 daga 44.3, saura 24.5, wannan rabon masara ne. Ki cire 9 daga 19.8, saura 10.8, wannan rabon soya da ƙuli ne. Jimla 35.3. Masara: 24.5 a raba da 35.3 a ninka da 76, ya ba da kilo 52.7. Abin da ya rage, 23.3, na soya da ƙuli. Don sauƙin awo ki mai da su masara 52, soya 16, ƙuli 8. Ki sake gwadawa ta hanyar farko: 4.68 da 1.92 da 7.04 da 3.6, sun tashi 17.2. Shi ke nan.

Me ya sa ban ce ki ƙara ƙuli kawai ya kai kilo 24 ba, tunda lambarsa ta fi ta soya? Saboda lambar ba ta faɗin komai da komai. Furotin tubali-tubali ne, kuma kaza ba ta iya ƙera wasu daga cikin tubalan da kanta, sai ta ci. Biyu da suka fi yin ƙaranci a abincin masara su ne metiyonin da laisin. Gyaɗa tana da ƙarancin duka biyun. Soya tana da laisin wadatacce, metiyonin ne ya yi mata kaɗan. To in ɗaya ya ƙare, sauran tubalan ba su da amfani, kaza za ta ƙona su ta fitar a kashi. Girman ƙwai musamman yana bin metiyonin. Giram 200 ɗin nan da ke cikin kilo 100 kamar ba komai ba ne a ido, amma kada ki yarda a bar shi.

Idan kika gyara, kada ki sa rai gobe. Yawan ƙwai kan ɗauki sati biyu zuwa uku kafin ya dawo.

Baban Walid, Sabon Gari:

Malam ya gama magana a kan lissafi, Allah ya ƙara ilimi. Amma Malam, da izininka, lambobin nan na takarda ne, abin da ke cikin buhu a kasuwa wani abu ne daban. Hajiya ta ce ƙuli-ƙuli, ba ta ce wane iri ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ƙulin kamfanin mai, wanda inji ya matse ya fito fale-fale, shi ne mai 45. Na mata masu tuya a gida an soya shi a mai, akwai sauran mai a jikinsa da yawa, akwai gishiri, wani da yaji, wani ma har da sukari ko garin da aka ƙara don ya yi auki. Irin wannan in za ki saka, ki lissafa shi a 40, kuma ki ɗanɗana, in da gishiri ki rage na haɗin. Gishiri in ya wuce giram 300 zuwa 350 a kilo 100, kaji za su yi ta shan ruwa, kashi ya tsinke, ƙasan ɗaki ya jiƙe. In ƙulin naki na gida ne, to haɗin da kika ba su bai ma kai 13 ba. Tunkuza ɗanya kuwa kada a ajiye ta, kwana biyu ta yi fumfuna. Gyaɗa da masara su ne gidan gubar nan aflatoksin. Ba ta mutuwa da tuya, tana lalata hanta, tana karya ƙarfin rigakafin da aka yi wa kaji, ƙwai ya ragu ko da lissafi ya yi daidai. Ki fasa ƙulin ki duba ciki. In kika ga kore-kore ko baƙi, ko ya yi ɗaci, ko warin ruma, ki bar wa mai shi kayansa komai araharsa. Shi ya sa kilo 8 zuwa 10 ya ishi gyaɗa a kilo 100.

Sai waken soya. Nan yankinmu ana noma shi, ana samunsa a Giwa da sauran kasuwannin hatsi, mutane da yawa suna saye su niƙa da kansu. Ɗanyen waken soya bai halatta a ba kaza ba. Yana da wani sinadari da ke toshe abin da ke narkar da furotin a hanji, sai ki ga kin zuba furotin amma ya bi kashi ya fita, 'yan tsaki su tsumbure, gindinsu ya riƙa manne da kashi. Zafi ne ke kashe shi. Ko dai a soya shi a babban kasko ko rabin duro, wuta matsakaiciya, ana juyawa ba tsayawa har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar soyayyiyar gyaɗa, ɓawon ya tsage, in an tauna babu gafin ɗanyen wake. Ko a tafasa shi minti 30 bayan ruwan ya tafaso, a shanya har ya bushe ƙarau. In ya ƙone ya yi baƙi kuma an yi asara ta ɗaya gefen, don wuta mai yawa tana lalata laisin ɗin da aka saye shi dominsa. Kuma ki lura, wannan soyayyen waken ba a cire mansa ba, mai ya kai kashi 18 a cikinsa, furotin ɗinsa 37 zuwa 38 ne, ba 44 ba. In da shi za ki maye gurbin kilo 16 na Malam, sai kin sa kusan 19, ki rage masara da 3. Ga buroila man nan alheri ne. Ga masu ƙwai in ya yi yawa sai su tara kitse. Kada a niƙa mai yawa a ajiye, yana saurin yin ɗoyin tsohon mai.

Garin kifi, hattara. Na ƙwarai yana da tsada, shi ya sa ake yi masa algus da yashi, da garin gashin kaji, har da takin yuriya. Dalilin yuriyar: a ɗakin gwaji ba furotin ake aunawa kai tsaye ba, naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25. Yuriya kashi 46 ɗinta naitirojin ne, ɗan kaɗan ya isa ya ɗaga lamba. Saniya da tunkiya suna iya sarrafa yuriya saboda tumbinsu, kaza ba ta iyawa, guba ce gare ta. Gwaji mai sauƙi: ki zuba cokali biyu a kofin gilas mai ruwa, ki motsa, ki bari ya kwanta. Yashi zai taru a ƙasa, ki murza da yatsa ki ji. Kuma ko mai kyau ne, ga kajin da ke yin ƙwai mai jan ɓawo kada ya wuce kilo 3, in ba haka ba ƙwai ya ɗauki ƙarnin kifi. A gaskiya haɗin da Malam ya bayar bai buƙatarsa.

Angurya kuma ki bar wa masu turkar shanu da raguna. Tana da wani sinadari mai guba, gosifol, yana sa kwanduwa ta yi duhu-duhu ko kore in ƙwai ya kwana biyu a ajiye, ga ɓawo mai yawa da kaza ba ta narkarwa. Mai sayen ƙwai in ya fasa ya ga haka sau ɗaya ba ya dawowa. Garin jini daga mayanka yana da ƙarfi, amma sai an dafa an busar sosai, kaji ba sa son ɗanɗanonsa, kilo 2 ya isa.

Wanda zai sayi kaya da yawa, tan ɗaya ko fiye, ya fi masa ya ɗebi samfur ya kai a auna. Muna zaune kusa da Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, inda aka samar da kazar ShikaBrown, bai kamata mutumin Zariya ya riƙa haɗa abinci da ka ba. A ɗebo daga buhu biyar ko shida, sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya, a kai rabin kilo.

Maman Sadiya, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Baban Walid, Allah ya saka da alheri. Ƙulin na gida ne kuwa. Tambaya biyu ta rage. Da mudu ake yin awon, an ɗauka kowane mudu nauyinsa ɗaya, ko akwai matsala? Sannan tunda ƙarancin furotin ne ya jawo, me zai hana in kai shi 20 ko 22 don su yi saurin farfaɗowa?

Hajiya Mai Ƙwai, Wusasa:

Maman Sadiya, ƙanwata, ki ajiye mudun nan. Mudu cika yake aunawa, lissafin Malam kuwa na nauyi ne. Mudun dusar alkama bai fi rabin nauyin mudun masara ba, mudun laimiston kuma ya kusa ninka na masara. Ko a masarar ma, tsaba daban, niƙaƙƙiya daban, ga mai tsorawa ga mai shafewa. Ashe ke nan haɗin da kika rubuto mana ba shi ne ainihin abin da kajin suka ci ba. Sikeli biyu kike buƙata: na rataye mai ɗaukar kilo 50 ko 100 don manyan kaya, da ƙaramin na batir mai auna giram don metiyonin, laisin, firimis da gishiri. Cokali da murfin kwalba ba awo ba ne.

Batun kai shi 22, a'a. Kaza ba ta da rumbun ajiye furotin. Abin da ya wuce buƙatarta hanta ta farfasa shi, ƙoda ta fitar, shi ne farin nan da kike gani a kan kashi. Sai ta ƙara shan ruwa, ɗaki ya jiƙe, warin nan mai yaji a ido ya tashi, daga nan sai mura da ciwon tafin ƙafa. Ga shi soya ce mafi tsada a haɗin, kin zuba kuɗinki a cikin taki. Kuma duk kilon soya da kika ƙara kin ture masara ne, ƙarfin abincin ya ragu. Ki tsaya a 17, in kin matsa 18.

Inda 18 ke da amfani shi ne lokacin zafi. Kaza ba kaso take ci ba, giram take ci. A watan Maris da Afrilu, da zafin Zariya ya kankama, wadda ke cin giram 115 sai ta koma 100 ko ƙasa. Giram 100 a kan kashi 17 giram 17 ke nan, ya gaza. A lokacin sai ki rage dusar alkama da kilo 3, ki ƙara soya da 3, haɗin ya haura zuwa 18, ki ɗan ƙara laimiston tunda shi ma cinsa ya ragu, ki ba da abinci da sassafe da kuma yamma in rana ta yi sanyi, ruwa kuma ya kasance a inuwa. Da hunturu ci yana ƙaruwa, 16.5 ma ta wadatar. Hanyar sani ita ce ki auna abin da kika zuba da safe, ki auna abin da ya rage washegari, ki raba da yawan kajin. Kaji 200 su cinye kilo 22 zuwa 24 a rana.

Sai gaurayawa, wadda ita ce ke kayar da masu lissafi mai kyau. Giram 200 na metiyonin ba zai ratsa kilo 100 ba in aka watsa shi a kai kawai. Ki haɗa ƙananan kayan duka a roba, ki zuba musu dusa kilo 2, ki cuɗa da hannu sosai. Ki ƙara kilo 5, ki sake cuɗawa. Sannan a shimfiɗa masara a kan siminti mai tsabta ko tamfol, a bi da soya, ƙuli, dusa, laimiston, a watsa wancan gaurayen a sama. A kwashe da shebur a tara a gefe, a sake kwashewa a mayar, aƙalla sau huɗu. Ki ɗebo da hannu daga wuri uku, in kalarsu ta bambanta ba a gama ba.

Niƙa ma da nasa. Ki ce wa mai inji ɓarza kike so, ba garin tuwo ba, amma kada ya bar tsaba manya. Kaza gwanar tsince ce. In masara ta yi girma, manyan kaji za su tsince ta su bar gari a ƙasan mazubi, alhali a garin nan soya da firimis da metiyonin suke. Ki bari su share mazubin tas sau ɗaya a rana, da tsakar rana, kafin a ƙara wani. Laimiston dai a bar rabinsa da ɗan tsakuwa-tsakuwa, don ɓawon ƙwai da dare ake gina shi, mai tsakuwa ya fi daɗewa a ƙundu.

Abu na ƙarshe, sabuwar masara ta kaka. Tana da araha, amma ruwa kike saye, kuma ita ce ke yin fumfuna a buhu. Ki ciza, in ba ta fashe da ƙara ba a shanya ta tukuna. Haɗaɗɗen abinci kada ya wuce sati biyu, da damina ma kwana goma, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango.

Malamin Samaru:

Gyaran Baban Walid a kan ƙulin gida daidai ne, na karɓa. In da shi za a yi, a 40, kilo 8 zai ba da 3.2 maimakon 3.6, haɗin ya sauko 16.8. Sai a mai da soya 17, masara 51, a koma 17.2.

Hajiya, ban amsa miki batun buroila ba. Haɗi ɗaya ba zai yi ba, kuma ba don furotin kaɗai ba. Abincin masu ƙwai yana da kalsiyam, sinadarin da laimiston ke kawowa don ɓawon ƙwai, kusan kashi 4, ɗan tsako kashi 1 yake so. In kika ba shi na masu ƙwai ƙodarsa za ta lalace, ki ga suna mutuwa, in an buɗe ciki a ga fari-fari kamar alli a kan kayan ciki. Kada a kuskura, ko na kwana biyu ne.

Buroila daga rana ta farko zuwa sati 4 yana son kashi 22 zuwa 23. A kilo 100: masara 54, kek ɗin soya 30, ƙuli 6, garin kifi mai kyau 3, dusar alkama 3, garin ƙashi 2.5, laimiston 0.5, gishiri 0.3, firimis na buroila 0.25, laisin 0.2, metiyonin 0.25. Ki lissafa da kanki, za ki samu 23.2. In ba ki amince da garin kifin ba, ki cire shi, ki mai da soya 34, masara 53, ki tashi da 22.9. Daga sati 5 zuwa yanka a sauko 19 zuwa 20: masara 60, soya 24, ƙuli 6, dusar alkama 6, ƙananan kayan nan kilo 4 yadda suke, ya ba da 19.6. A nan ne soyayyen waken soya mai mansa ke da daɗi, a maye rabin kek ɗin da shi, kowane kilo 6 na kek a sa 7, a rage dusa. Shawarata dai, sati biyun farko ki saya musu na kamfani. Abin da ɗan tsako ke ci a lokacin kaɗan ne, wajen rabin kilo kowanne, kuma kuskuren da aka yi a kwanakin nan ba ya gyaruwa daga baya. In za a canza, a yi a hankali: kwana biyu sabo kashi ɗaya tsoho uku, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu sabo uku tsoho ɗaya. Amma su masu ƙwan naki da ke kan 13, ki mayar da su kan gyararren kai tsaye, kayan ciki kusan ɗaya ne, ba za su ƙi ba.

Firimis ma kala-kala ne, na buroila daban, na masu ƙwai daban, kuma wasu ana sa giram 250 a kilo 100, wasu an riga an haɗa su da laisin da metiyonin ana sa fiye da haka. Ki karanta takardar jikin buhun, ki duba ranar lalacewa.

In masara ta yi tsada, dawa tana maye rabinta, furotin ɗinta ma ya ɗan ɗara. A nemi farafara ko ƙaura. Jar dawa mai ɗaci-ɗaci tana da wani sinadari, tanin, yana riƙe furotin ya hana narkewa. Illar dawa da farar masara ita ce kwanduwa ta yi fari, ana gyarawa da busasshen ganyen zogale da aka shanya a inuwa, kilo 1 zuwa 2. Masu noma masararsu da kansu kuma su nemi irin masara SAMMAZ 14 ta cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke nan Samaru. Yawan furotin ɗinta kamar na sauran ne, a 9 za a lissafa ta, sai dai laisin ɗinta ya fi yawa.

Wajen saye, kada ki kwatanta farashin buhu da buhu, ki kwatanta kuɗin furotin ɗin da ke ciki. Ki raba kuɗin kilo ɗaya da kasonsa. A ce, misali kawai, kilon kek ɗin soya naira 880 ne, a raba da 44, kowane kaso ya tashi naira 20. A ce ƙulin gida naira 840, a raba da 40, naira 21. Kin ga wanda ya fi araha a baki ya fi tsada a mazubi, ga shi kuma sai kin ƙara masa laisin. In kin samo sikelin, ki auna mudu ɗaya na kowane kaya da kike amfani da shi ki turo mana nauyin, da yawan mudun da ake zubawa, a lissafa ainihin abin da kajin suka ci a sati ukun nan.